Taku Sittin Daga Bangon Coci

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina uku, ina fata kuma aikin asibitin bai fi ƙarfinki ba. In kin tambayi lafiyata, kalau nake, sai gwiwar nan ta hagu da ta ɗaura yaƙi da ni. Man shafawar da kika aiko yana da ƙamshi. Iyakar abin da zan iya faɗi a kansa ke nan.

Takardarki ta shigo hannuna ran Laraba, kwana biyu na yi ina fama da ita. Kin san ban taɓa zama a aji ba. Mamanki ce, Allah ya ba ta hutawa, ta koya mini baƙi a kan teburin ɗinkinta da allin da take zana yadi, ina da shekara arba'in, ga gemu. Saboda haka ki daina yi mini rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa.

Maganar dutse mai suna da kike so a kafa a kabarinta, na yarda. Ba don na ga amfaninsa ba, sai don ke ce. Ki turo maginin naki, zan nuna masa wurin. Amma ɗaya maganar, wai in bar sabon fasto ya zana maƙabartarmu a takarda, wannan kam a'a. Na ga alama kun haɗa baki, don ran Lahadi ya same ni a gindin ƙararrawa da littafi a hannu da biro a aljihu, yana ta "Baba, Baba" kamar mai neman auren 'yata. Na ce masa, "Fasto, takarda gara ke cinye ta. Shekara hamsin da biyu ina buga ƙararrawar nan, ina haƙa wa mutanen cocin nan makwanci. Mutum ɗari da tamanin da bakwai ke kwance a bayanmu, babu wanda ban san inda kansa yake ba." Ya ce, "To Baba, ranar da kai ma ka kwanta fa?" Na ce sai ya yi sauri ya gama tambayoyinsa kafin ranar. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Bari in gaya miki yadda abin yake, tunda kin bar gida tun kina ƙarama. Tun shekarar ambaliya babu tudun kabari ko ɗaya da ya rage, fili ne shimfiɗe, ciyawa ta rufe, awaki suna kiwo. Amma ni na jera mutanen nan da hannuna, layi-layi daga bangon coci na baya zuwa katanga, wanda ya riga tafiya shi ke kusa da bango. Kowane layi da tagarsa, kowane mutum da takunsa. In wani ya zo daga nesa yana neman uwarsa, sai in jingina bayana da bango, in ƙirga taku, in ce ga ta nan. Mamanki tana layin taga ta uku, taku sittin. Shekara ashirin da shida ke nan, kullum safiya da na saki igiyar ƙararrawa sai in taka sittin ɗin nan, in durƙusa, in cire ciyawar da ke gabana, in ba ta labarin gari. Fastoci huɗu sun gaya mini matattu ba sa ji. Na sani. Ai Wanda take wurinsa yana ji.

Akwai kuma abin da ko dattawan coci ba duka suka sani ba. Duk wanda na rufe, ina binne wani ƙarfe na sana'arsa ta wajen kansa, zurfin kamu ɗaya. Manomi ruwan fartanya, mai aski aska, ungozoma cokalinta, ƙaramin yaro ƙusa. Mamanki almakashinta. Ban taɓa buƙatar tono ko ɗaya ba.

Kin kuma cika mini shafi guda da wa'azi. Wai kina so in ji daɗin Allah, ba aiki kawai ba. Wai tun tasowarki ba ki taɓa ganina zaune a cikin coci ba, kullum ina tsaye a bakin ƙofa, ba ki kuma taɓa ganin na ci Jibin Ubangiji, gurasar da ake raba wa masu bi, ba. Wai Allah Uba ne, yana murna da 'ya'yansa. Na ji, Auta. Ku masu ilimi ku yi ta murnarku. Ni lebura ne a gidan Allah, lebura kuwa ba ya shiga falo ya miƙe ƙafa. Ya ba ni igiya da shebur, na riƙe. Ban taɓa makara ba, ban taɓa ɓatar masa da mutum ba. Ranar da ya kira ni, abin da zan nuna masa ke nan.

Sai tambayarki ta ƙarshe, a kan ƙanena, baffanki mai gyaran keke, da abin da ya sa ba na gaisawa da ɗansa direban nan alhali titi biyu ne tsakanin gidajenmu. Mutumin ya shekara ashirin da bakwai a ƙasa. Ni na haƙa masa, ni na rufe shi, don aiki aiki ne. Kada ki sake tambayata.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ja kunnen ƙaramin nan ki ce daga kakansa. Allah ya kiyaye ku.

Ni ne babanki,
Mai Ƙararrawa

*

Auta,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, ina gaida mutanen gidanki duka. Ina fata zazzaɓin da kika ce ya taɓa babbar jikata ya sake ta. Ni dai ga ni nan. Abinci ba ya shiga sosai, amma kada ki aiko da komai, ba ciwon magani ba ne.

Ki karanta takardar nan ke kaɗai.

Maginin naki ya zo ran Talata da buhun siminti da igiyar awo. Mutum ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa ko yana ɗaga bulo. Na jingina da bango a ƙarƙashin taga ta uku, na taka sittin, na dangwala sandata na ce nan. Ya fara tonon tushe ta wajen kai. Bai yi sara biyar ba diga ta bugi ƙarfe. Na ce ya yi a hankali, almakashin mamanki ne. Ya sa hannu ya zaro abin, ya karkaɗe ƙasa, ya juya shi, ya dube ni. Ya ce, "Baba, marigayiyar tela ce zalla, ko tana ɗan taɓa gyaran keke a gefe?"

Fedar keke ce, Auta. Tsatsa ta cinye ta, amma na san ta. Mutum ɗaya na taɓa binne wa feda.

Na ce ruwa ne ya kawo ta. Ya ce ruwa ba ya binne ƙarfe a tsaye. Na ce to awaki ne. Ya miƙo mini fedar. Na koma bango na sake takawa, sittin, a bakin ramin na tsaya. Na sake, a nan dai. Yana zaune a kan buhunsa yana kallon ƙafafuna, sai ya ce, "Baba, lokacin da ka rufe ta shekararka nawa?" Na ce hamsin da biyar. Ya tashi ya jingina da bango, ya taka sittin irin takun mai ƙarfi a jika. Ya wuce ni, ya ci gaba, sai can ya tsaya. Ya tona kamu ɗaya. Almakashi.

Ya ce, "Baba, kanka bai yi kuskure ba, sittin ɗin sittin ce. Ƙafarka ce ta tsufa ba ta sanar da kai ba."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kabari uku ne tsakanin mamanki da baffanki. Ashe takuna ya yi ta raguwa, ni kuwa duk inda ƙafata ta tsaya nan nake nomewa ina cewa nan ne. Ban san shekara nawa na yi ina durƙusa a kan mutumin da na rantse ko inuwarsa ba zan taka ba.

Ba wannan kaɗai ba. In na kuskure nata, na kowa na kuskure. Duk wanda na nuna wa kabari a shekarun nan, na kai shi kan baƙo ya yi kukansa. Tsohuwar nan mai sayar da gawayi, kowace Asabar tana zuwa inda na ce mata mijinta yake. Kafintan cocinmu ma, da hannuna na nuna masa inda 'yarsa take.

Na ce wa magini ya mayar da ƙasa, ya kafa dutsen a inda garin nan ya saba ganina durƙushe, ya kuma rufe bakinsa. Ya ce, "Bakin zan rufe, Baba, ko da yake ban taɓa gwadawa ba. Amma sunan mace a kan namiji, hannuna ba zai kafa ba. In kuma na kafa a wurin gaskiya, kowa zai ga ba nan kake durƙusawa ba." Ya kwashe kayansa ya ce in aika masa in na yanke shawara.

To ga roƙona, kin kuma san ban taɓa roƙon ki komai ba. Ki janye maganar dutsen nan. Ki ce kin fasa. Kwanakina kaɗan suka rage, a bar ni in tafi da sunana. Abu ɗaya nake da shi a gaban mutane da gaban Allah, cewa ban taɓa ɓatar da kowa ba. In an karɓe wannan, me zan riƙe in shiga da shi?

Ki amsa mini da wuri. Allah ya tsare ku.

Babanki

*

'Yata Auta,

Alherin Ubangijinmu ya kasance tare da ke da gidanki. Na ji daɗi da jin jikata ta koma makaranta. Ni ma abinci ya fara shiga, har maƙwabciyata ta ce ko wani baƙo nake ɓoyewa a ɗaki.

Amsarki ta iso. Kin ce ba za ki janye ba, ba kuma za ki faɗa wa kowa ba, magana tana hannuna. Kin sake yin tambayar da na hana ki. Taurin kai dai ba a makaranta kika koyo shi ba. To ki saurara.

Kin san kina da wa da ya rasu kafin a haife ki, amma ba ki san yadda ya tafi ba, don mamanki ta roƙe ni kada in zuba muku abin a ciki. Shekararsa huɗu. Zazzaɓi ya kama shi da hantsi, kafin rana ta take ya fara sanƙarewa. Malamin asibiti yana nesa, tafiyar awa guda a keke. Baffanki ne mai keke, ya kuma fi kowa gudu. Na tura shi. A hanya ya bi ta gaban gidan giya, abokansa suka kira shi, ya ce kofi ɗaya. Rana tana faɗuwa ya iso da malamin a bayansa, ni kuwa na riga na fara haƙa.

Daga ranar bai sake sa giya a baki ba. Ya tuba a gaban jama'a, coci ta karɓe shi, mamanki ta yafe masa, har tana ɗinka wa 'ya'yansa riguna a ɓoye tana tsammanin ban sani ba. Sau uku ya zo ya durƙusa a ƙofata, sau uku na fita ta bayan gida. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga baya ya koma dariya. Yana waƙa a coci har da rufe ido, kamar wanda bai taɓa yin komai ba. Na ce a raina, in haka Allah yake saki da sauƙi, to ni zan riƙe abin da ya saki. Da ciwon ajali ya kama shi, ya aiko a kira ni. Na ce ina da aiki.

Ga dalilin tsayuwata a bakin ƙofa. Ni ba na yi wa Allah ƙarya. A cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana, kin san wurin da mutum ke roƙon gafara daidai da yadda shi ma yake gafartawa. Shekara arba'in da huɗu, in an zo wurin sai in yi tari. Mutane sun ɗauka ƙurar igiya ce. Wanda ya kasa faɗin wannan kuwa, da wane baki zai ci gurasar Ubangiji?

Bayan tafiyar magini, kwana tara ban leƙa bayan coci ba. Ran Alhamis da safe na ce bari in je wurin mamanki na gaskiya. Na jingina da bango da niyyar wucewa gaba, amma hankalina ya tafi, ƙafafun suka yi sittin ɗinsu suka tsaya a kan sabuwar ƙasar da magini ya mayar. Na so in ƙara, gwiwa ta riga ta lanƙwashe don sabo.

Ina durƙushe sai abin ya buɗe mini. Auta, ba tsalle na yi daga mamanki zuwa kan baffanki ba. Kawo ni aka yi. Kowace shekara aka rage mini taku, abin da bai kai ƙwayar masara ba. Kusa da mamanki akwai jaririyar mai burodi, iyayenta sun bar gari tuntuni, ba mai leƙa ta. Ashe an ba ta mai nome mata na shekara biyar ko shida. Daga nan aka matsar da ni kan ungozomar da ta karɓi haihuwarki, wadda ban taɓa yi mata godiya ba. Daga nan kan wani tsohon manomi da bai bar kowa a duniya ba. Sannan aka sauke ni a kan ƙanena.

Na tuna abubuwan da na faɗa a wurin a shekarun baya-bayan nan, da tsufa ya sa bakina ya yi laushi. Na ce na gaji da halina. Na ce a yafe mini taurin zuciya. Na yi kukan murna a wurin ranar da aka haifi ƙaramin jikana. Na cire wa ƙanena ƙaya daga kabarinsa da yatsuna. Duk abin da na hana shi yana raye, na kai masa a kan gwiwoyina kullum safiya, ban makara ba ko sau ɗaya.

Tsoro ya kama ni, ba irin tsoron bulala ba. Irin wanda ke kama mutum in ya waiga ya ga ashe tun da daɗewa wani yana tafiya a gefensa. Wanda ya rataye rana da taurari, shi ne ya shekara ashirin da shida yana auna takun wani tsoho jahili! Da ya so, da ya karya ƙafar nan rana ɗaya. Da ya aiko mai wa'azi ya tona ni a gaban jama'a. Ya san ba zan ji ba. Ya san abu ɗaya na amince da shi a duniya, ƙafata, sai ya bi ta nan. Ba a yi wa lebura haka, Auta. Lebura in ya yi gardama, kora ake yi.

Na ɗauki addu'ar daga farko. Da na zo wurin, tarin ya taso, na haɗiye shi, na faɗi kalmomin duka. Na kira ƙanena da sunan da nake tsokanarsa muna yara. Sai dariya ta ƙwace mini haɗe da kuka, har awaki suka watse. Ban san haka take ba. Ashe wannan ce dariyar da na yi ta jin haushinsa a kai.

Daga nan gidan fasto na nufa, na gaya masa komai. Na ga ya zare bironsa ya ajiye gefe, wannan ya sa na ƙara ganin girmansa. Na tambaye shi ko hukunci ne. Ya ce, "Baba, ai hukuncin an riga an ɗauke shi a kan gicciye, naka da na ƙanenka rana ɗaya. Wannan neman ka ake yi." Na ce to yanzu me zan nuna wa Allah, ga hannuna babu komai? Ya ce, "Da me kake so ka karɓa, in ba da hannun da babu komai ba?" Yaron nan ya san aikinsa.

Ran Lahadi zan tashi in faɗa wa jama'a. Ba zan ɓoye miki ba, ina tsoron ranar. Mutanen nan sun yi kuka a kan baƙi saboda ni. Ki yi mini addu'a, ki kuma ba maigidanki takardun nan ya karanta.

Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Mai Ƙararrawa

*

Auta 'yar albarka,

Gaisuwa da murna mai yawa a cikin Almasihu. Yaya gida, yaya yara, yaya marasa lafiyarki? Ki gaya wa maigidanki na ga saƙonsa, Allah ya saka masa. Gwiwa tana nan da halinta, amma mun shirya. Ba na zaginta yanzu.

Ran Lahadi na buga ƙararrawa, na saki igiya, na shiga. Ban san inda zan zauna ba, shekara arba'in da huɗu kowa ya kama bencinsa. Kawuna suka yi ta juyowa. Bayan wa'azi fasto ya kira ni gaba, na faɗi komai: taku, feda, almakashi, ƙanena, har tarin. Na ce duk wanda na nuna wa kabari a shekarun nan, na ɓatar da shi, ya yafe mini.

Sai tsohuwa mai gawayi ta dogara sandarta ta miƙe. Ta ce, "Mai Ƙararrawa, to wane ne a inda nake zuwa?" Na ƙirga a kaina, na ce mai aski ne. Ta tafa hannu ta ce, "Wayyo ni! Shekara shida ina yi wa mijin wata faɗa a kan rufin ɗakin da bai gyara ba!" Matar mai aski daga can baya ta ce, "Bar shi ya sha, namu ma yoyo yake yi." Auta, cocin nan ta fashe da dariya har fasto ya riƙe teburi. Ni kuwa hawaye ke zuba.

Ba kowa ya yi dariya ba. Kafinta ya tashi ya fita. Yana da gaskiya, 'yarsa ce guda. Na je gidansa, ya amsa gaisuwa kawai. Zan koma.

Ran Asabar jama'a suka fito da fartanyu. Aka ajiye mini kujera a jikin bango. Ina kiran sunaye bi da bi, magini yana awo yana surutu, ana tona kamu ɗaya, fasto yana rubutawa. Ee, a takarda. Kada ki ce komai. Jerin da ke kaina bai karkace ba ko sau ɗaya. Ƙarafa guda shida ƙasa ta cinye, amma maƙwabtansu sun nuna wurinsu. Duk lokacin da ƙarfe ya fito aka kira mai shi, sai mata su ɗauki waƙa. Kafinta ma ya zo, ya tono ƙusar 'yarsa da yatsunsa, ya daɗe yana riƙe da ita. Ina kallon filin nan cike da mutane suna sunkuye suna kiran 'yan'uwansu, sai na tuna ranar tashin matattu. Na ce wannan da tsatsa da fartanya ke nan. Ina ga ranar da Shi da kansa zai tsaya ya kira su, ba ƙarfe, ba takarda, ba taku?

Direba, ɗan baffanki, bai zo ba, yana kan hanya duk makon. Jiya na ji ya dawo, na ɗauki sandata. Titi biyu ne, amma sau uku na tsaya hutawa, ba kuma don gwiwa ba. Na same shi a ƙofar gida yana wanke motarsa, kumfa har gwiwar hannu. Fuskar ubansa ce sak, har furfura ta fara fito masa. Na shirya magana mai tsawo, duk ta gudu. Na fara sunkuyawa zan durƙusa, sai ya jefar da soso ya tare ni da hannuwansa jiƙaƙƙu. Ya ce, "A'a Baba, kada ka yi. An hana ni bari." Na ce wa ya hana ka? Ya ce, "Babana."

Ya shigar da ni ya zaunar. Ya ce ranar da ɗan aike ya dawo ya ce ina da aiki, uwarsu ta fashe da kuka tana faɗin abin da ya zo bakinta a kaina. Shi kuwa baffanki, da ɗan numfashin da ya rage masa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ku bar shi. Yaya zai zo. Amma kun san shi, tun ranar nan bai sake yarda da keke ba, a ƙafa zai zo. In ya iso kada ku bar shi ya durƙusa. Ku ba shi ruwa, tafiyar da nisa."

Matarsa ta kawo ruwa a kofin roba. Na sha, Auta. Shekarata tamanin da ɗaya, ban taɓa shan ruwa irin wannan ba.

Ki zo, ke da yaran duka, suna da 'yan'uwa a gidan nan da ba su sani ba. Salamar Allah ta kasance tare da ku.

Ni ne babanki,
Mai Ƙararrawa